Jini a Majigi: Yadda Mai Bi Zai Auna Fim Mai Nuna Azaba

Idan Lokacin Azumi ya zagayo, iyalai da ƙungiyoyin matasa sukan taru domin kallon fim ɗin shan wuyar Ubangijinmu, wato The Passion of the Christ, wanda Mel Gibson ya shirya, aka fara nuna shi a Amurka ran Larabar Toka ta shekarar 2004. Waɗansu sukan tashi da hawaye da tuba. Waɗansu kuwa sukan ce jinin ya yi yawa, bai dace da idon Kirista ba. A darasin nan za mu duba ma'auni biyu da za su taimake mu yanke hukunci a kan wannan fim da ire-irensa.

Abin da Ikilisiya ta koyar

Ikilisiya ba ta hana nuna mugunta a majigi ba. A shekarar 1963, Majalisar Fatikan ta Biyu, cikin takardarta a kan hanyoyin sadarwa, ta bayyana cewa nuna mugun aiki yana iya taimakon mutum ya ƙara sanin halin ɗan Adam, muddin an kiyaye dokar ɗabi'a. A 1995 kuma Fatikan ta fitar da jerin fina-finai 45 masu muhimmanci, har da Schindler's List, mai nuna kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai. Mu da muke durƙusawa gaban gicciye, muna bin Hanyar Gicciye kowace Juma'a ta Azumi, ba za mu ce ganin rauni kaɗai zunubi ne ba.

Ma'auni na fari: gaskiya

Azabar Romawa ba tatsuniya ba ce. Bulalarsu ta igiyoyin fata ce, ana ɗaura mata guntayen ƙashi ko ƙarfe. A 1968 masu tonon tarihi sun sami ƙashin diddigen wani mutum a Urushalima, ƙusar gicciye tana kafe a cikinsa. A nan fim ɗin bai yi ƙarya ba.

Amma mu lura da yadda masu rubuta Bishara suka kame bakinsu. Markus (15:15) da Yohanna (19:1) sun ambaci bulalar da 'yan kalmomi kaɗan, fim ɗin kuwa ya daɗe a kanta. Ya kuma ƙara abubuwan da babu su a Littafi Mai Tsarki, kamar jefo Yesu daga kan gada cikin sarƙa, da matar Bilatus tana miƙa wa Maryamu ƙyallen goge jini. An ɗauko waɗannan daga littafin wahayin wata Sista Bajamushiya, Anne Catherine Emmerich, wadda ta rasu a 1824. Ko da yake an ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka a 2004, wahayi irin wannan ba ya cikin abin da ya wajaba mu gaskata.

Haka nan an nuna Bilatus kamar mutum mai taushin zuciya wanda aka fi ƙarfinsa. Marubutan Yahudawa na zamanin, Filo da Yosifus, sun shaida shi da taurin kai da zalunci, Luka (13:1) kuma ya tuna mana da Galilawan da ya kashe suna cikin miƙa hadaya.

Ma'auni na biyu: 'ya'yan da kallon ya haifar

Ga dalilin da ya sa kuskuren tarihi yake da haɗari. Idan aka sassauta laifin mai mulki, nauyin yakan koma kan jama'a ɗungurungum. A 1965 Majalisar Fatikan ta Biyu ta koyar sarai cewa ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Zunubanmu ne suka kai shi gicciye, shi kuma ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Mu da muka san yadda kudin goro a kan kabila ko addini yake ƙone gari, kada mu yarda wani hoto ya shuka mana wannan iri. Wanda ya tashi daga kallo yana jin haushin wata al'umma, bai ga Yesu na Bishara ba tukuna.

Abin da ya kamata mu yi

Mu karanta labarin shan wuya a Bishara kafin mu kunna fim, domin mu iya raba tsaba da tsakuwa. Iyaye su tuna cewa ko a Amurka, an sa shi a sahun fina-finan manya. Kada a zaunar da ƙananan yara a gabansa. Katikis ko shugaban ƙungiya ya ba da lokacin tambaya da addu'a bayan kallo, ya kuma kai masu kallo har ga tashin Ubangiji daga matattu, wanda fim ɗin ya taɓa a taƙaice ƙwarai.

Ubangiji ya tsarkake idanunmu da zukatanmu. Amin.