Yadda Aka Sace Sunan Malam Aka Bar Masa Muryarsa

Ba al'adata ba ce in ɗauki abin da ya wakana tsakanina da masu kawo mini aiki in shimfiɗa shi a bainar jama'a, domin mai gyaran kwamfuta, ko da ba a rantsar da shi ba, mai riƙon amana ne, tun da yake idonsa yana faɗawa kan wasiƙun mutane da hotunan iyalinsu da lissafin dukiyarsu. Amma al'amarin da ya auku ga wani dattijon malami a cikin azumin da ya gabata ya tsaya mini a rai ƙwarai, har na nemi izninsa in ba da labari, ya kuwa yarda, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa ko unguwarsu.

Shi wannan bawan Allah ya daɗe yana karantarwa a zaurensa, yana kuma tafsiri a masallacin unguwa duk watan Ramalana, kuma da yake almajiransa sun watsu cikin duniya, waɗansu a zangon Kumasi, waɗansu a Yawunde da Injamena, waɗansu sun tafi neman abinci Jidda sun zauna, sai suka riƙa roƙo a yi musu hanyar da za su riƙa jin karatun alhali suna can. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa, yaro mai hankali, shi ya ɗauki nauyin abin: ya yi hayar sabar Icecast, ya haɗa makirfo da 'yar miksa da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya sa manhajar BUTT tana tura sauti, ya kuma tsayar da shi a kan kilobit 64, wanda bai wuce megabait 29 a awa guda ba, saboda tausayin masu sayen data da kuɗin guminsu. In an tashi daga karatu, sabar takan ci gaba da juya tsofaffin darussa dare da rana. Akwai shafin Facebook, akwai zauren WhatsApp, kuma a ƙarƙashin wurin sauraro an rubuta lambar asusun makaranta, inda masu hali kan tura abin da ya sawwaƙa domin buɗa-bakin almajirai. Wannan shiri ya yi shekaru yana tafiya lafiya ƙalau.

Sai yaron ya tafi bautar ƙasa, kwamfuta kuma ta fara nauyi, aka miƙa ta ga wani da ake kira injiniya, wanda ban san inda ya yi karatun injiniyancinsa ba, ban kuma ga alamarsa a aikinsa ba. Da aka ce masa ana bukatar manhajar da za a riƙa yanke tari da hayaniyar yara daga cikin karatu, maimakon ya sa Audacity, wadda kyauta ce, halal ce, ta kuma ishi wannan aiki har da ragowa, sai ya zaro filas daga aljihu ya ɗora wata babbar manhaja ta sata da aka fasa. Da Windows Defender ya yi ihu ya hana, sai ya kashe shi baki ɗaya, ya ce wa Malam wai shi ne yake cinye ƙarfin na'ura. Wallahi duk lokacin da na buɗe kwamfuta na tarar an kashe mata kariya da hannu, nakan ji kamar in rufe shago in tafi gida. Mutum ya karɓi kuɗin dattijo, ya sa masa ɓarawo a ɗaka, sa'an nan a yi masa godiya har da addu'a!

A cikin burauzar wannan kwamfuta kuwa babu abin da ba a ajiye ba. Kalmar sirrin imel tana ciki, ta Facebook tana ciki, ta shafin sarrafa rediyo tana ciki, kuma ba a taɓa fita daga ko ɗaya ba tun ranar da aka shiga. Da na tambayi Malam daga baya, sai ya ce ai ɗansa ya sa musu tabbaci mai mataki biyu, ya kuma gargaɗe shi kada ya karanta wa kowa lambar da ake turowa ta waya, shi kuwa bai taɓa karantawa ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da aka kwashe kukis ne, su kuwa misalinsu kamar ɗan katin da ake ba mutum a wurin ajiye babur ne, wanda duk ya miƙa shi sai a tura masa babur, ba a tambayar sunansa, ba a duban fuskarsa. Da irin wannan hanya aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a YouTube cikin Maris na 2023, alhali masu ita sana'arsu ke nan, suna da ma'aikata da kayan aiki. Kuma 'yan sandan ƙasar Holan da abokan aikinsu sun rushe sabobin RedLine, manhajar da ke irin wannan sata, a Oktoba na 2024, Microsoft ta bi bayan takwararta Lumma a Mayu na 2025, amma kasuwar ba ta mutu ba, domin wanda ya dasa manhajar dabam, wanda ya sayi abin da ta kwaso dabam, kuma na biyun nan sau da yawa yana jin harshenka sarai.

Wanda ya sayi na Malam lalle yana jin Hausa, ya kuma san watan da yake ciki, gama bai taɓa komai ba sai da aka shiga goman ƙarshe, lokacin da hannuwan Musulmi suka fi sakewa. Cikin dare ɗaya ya sauya imel ɗin da ake dawo da asusu da shi, ya cire sauran masu gudanar da shafi, ya sauya mabuɗin rediyo, sa'an nan ya yi abin da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, wato ya bar tsofaffin darussan suna ta juyawa yadda suke. Duk wanda ya buɗe daga Kumasi ko Jidda zai ji Malam da muryarsa, da jan ayarsa, da 'yar dariyar da yakan yi in ya zo kan ƙissar Annabi Yusufu da 'yan'uwansa. A ƙasa kuma ga sanarwa, da irin sallamar da Malam ya saba buɗe magana da ita, cewa asusun makaranta ya sami matsala, a tura zakka da sadaka ta wannan sabuwar lamba. A masallaci kuwa yaran da ke kula da na'ura sun ga BUTT ya ƙi haɗuwa, suka ce matsalar sabis ce, suka ci gaba da harkarsu. Asiri bai tonu ba sai da wani tsohon almajiri ya bugo waya yana tambaya ko saƙonsa ya iso, ya kuma faɗi sunan da ya fito a rasit, sunan da ba wanda ya taɓa ji a gidan.

Da suka iso shagona, shi da wani ƙaninsa, Malam yana rungume da kwamfutar a cikin jakar da yakan sa littattafai, na cire ta daga intanet tukuna, sa'an nan na ce, "Allah ya gafarta Malam, lambar wayar wa aka sa lokacin da aka buɗe imel ɗin nan?" Ya ce, "Tawa ce, ɗana, amma tsohon layina ne, wanda ya ɓata shekarun baya." Na buga lambar a gabansu. Wata mata ta ɗauka, ana jin kukan injin markaɗe a bayanta, ta ce ita dai a shago ta sayi layinta sabo, ba ta san wani malami ba. Layin da aka bari ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi, wannan kowa ya sani, amma ba mai tunawa da cewa asusunsa yana rataye a jikinsa. Muka juya ga Facebook, inda akan nemi katin shaida a gwada da abin da ke rubuce. Sai ga shi wanda ya fara buɗe asusun tun da can ya sa laƙabin da almajirai ke kiran Malam da shi a maimakon sunan yanka, ranar haihuwa kuma ya sa ɗaya ga Janairu ta wata shekara da ya ga dama, ta yadda babu harafi ɗaya da ya dace da abin da ke kan takardar NIN. Ga mutum zaune a gabana da ransa da rawaninsa, amma ba mu da hujjar da za mu kafa cewa shi ne shi.

Malam ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, yanzu me zan ce wa mutane? In ce musu kada su yarda da muryata?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a lokacin, sai na ce mu fara da abin da za a iya.

Rediyon ya dawo, domin kuɗin hayar sabar da katin ɗansa ake biya, rasit kuma yana nan, masu sabar suka karɓi wannan shaida. Imel da shafi ba su dawo ba, sai sababbi aka buɗe, Malam ya yi sanarwa da bakinsa a karatun da ya biyo baya, aka kuma bi manyan almajirai ɗaya bayan ɗaya da waya. An kai ƙara banki da wurin hukuma, tun da dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukuncin satar suna, amma kuɗin da aka tura sun riga sun bi ta asusu zuwa asusu sun fita ta hannun masu POS. Kwamfutar kuma na goge ta kakaf, domin na'urar da irin wannan abu ya shiga ba a yi mata kwaskwarima.

Ga abin da nake so a ji, ba da kwana-kwana ba. Kada a sa manhajar sata a kan na'urar da ake shiga asusu da ita. Wanda ya ce ka kashe kariya, karɓi kayanka ka fita. Lambar da ke jikin asusunka ta zama wadda ke aljihunka yau. Sunan da ke kai ya zama na katinka.

Na kuma faɗa wa Malam, cikin ladabi, wata magana da nake maimaita wa malamai da yawa, cewa abin mamaki ne mutumin da ba ya karɓar hadisi sai ya bi isnadinsa ya san wane ya ji daga wane, wanda ya sha fassara ayar Suratul Hujurati mai umarni da a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari, ya zamana yana karɓar manhaja daga filas ɗin da bai san ta hannun wa ya biyo ba, ya kuma danna duk abin da aka turo masa a zaure saboda an haɗa da sallama. Ya yi murmushi ya ce na ci shi da hujja. Masu sauraro ma suna da nasu kason na sakaci, domin sauya lambar asusu a goman ƙarshe abu ne da ya cancanci a buga waya a ji daga bakin mutum kafin a tura ko sisi, kuma sunan da banki ya nuna kafin a tabbatar da turawa an sa shi ne domin a karanta.

Sauran abubuwan da nake gani kullum ba su ƙidayuwa. Akwai masu cewa sun ga ɗan kwaɗo a gefen adireshi, saboda haka shafin na gaskiya ne, alhali takardar da ke kawo kwaɗon nan kyauta ake samunta tun da Let's Encrypt ta fara rabawa, ɓarayi ma suna da ita, har Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023 saboda yawan masu yi masa wannan fahimta. Akwai masu shiga asusunsu a shagon buga takardu, su biya kuɗi su tafi ba su fita ba. Akwai masu zaton tagar sirri ta burauza tana ɓoye su daga kowa, ita kuwa iyakarta ta hana na'urar ajiye tarihi. Akwai ɗakunan watsa shiri da har gobe suke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairu na 2020, Chrome ɗin da ke kanta kuma ya tsaya a 109. Ga masu liƙa wa burauza 'yan manhajojin saukar da bidiyo barkatai. Ga kuma manhajojin rediyo da ake turowa ta WhatsApp, wai duk tashoshin Hausa a wuri ɗaya, in ka sa su sai su nemi izinin karanta saƙonninka da sunayen da ke wayarka. Me mai kunna rediyo zai yi da saƙonninka? Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957, yana da shafinsa, DW da RFI suna da nasu, tashoshin gida da yawa suna da nasu, ga kuma Radio Garden ga mai son yawo cikin tashoshin duniya, duk ba mai tambayarka lambar BVN.

Kuma ina sake faɗa, tun da na san ba za a ji ba sai an maimaita: in an sace maka kukis, sauya kalmar sirri a kan na'urar da ta kamu aikin banza ne, sabuwar ma tafiya za ta yi. A nemi na'ura mai tsabta, a sauya daga can, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusu, imel tukuna kafin komai. Shafin makaranta ko na masallaci kuma kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya, kada kuwa a ba yara goma mabuɗi ɗaya.

Shi injiniyan, da ƙanin Malam ya je ya same shi, cewa ya yi shi ya sa wa mutane da yawa wannan manhaja ba wanda ya taɓa kawo ƙara, wanda kuwa shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin maganar duka, domin ma'anarsa akwai waɗansu kwamfutoci a gari, na masu ɗaukar wa'azi da masu haɗa waƙoƙin biki, da suke ɗauke da abin nan ba su sani ba. Duk wanda aka taɓa sa wa manhajar gyaran sauti daga filas, aka kuma kashe masa kariya domin ta zauna, ya kai na'urarsa a duba tun kafin wani azumin ya zo, kuma kada ya mayar da ita wurin wanda ya sa masa.