Masaukin da ba a tarar da tuwo

A ƙasar Magariya da Dungas, baƙo ba ya kwana da yunwa. In ya sauka gidan mutum, sai a kawo masa ruwa da fura, da dare a kawo tuwo. Amma akwai masaukin da ba mai kawo maka komi. Kai za ka ɗebo ruwa, kai za ka hura wuta.

Bukkar gona irin wannan masauki ce. In damina ta faɗi, cikin watan Yuni ko Yuli, manoman da gonakinsu ke nesa da gari sukan je can su yi kwanaki suna noma. Kafin su tashi sai su ɗora guzuri bisa amalanke: hatsi, gishiri, kuka, daudawa, ashana, tukunya, tulu da tabarma. In an yi ruwa mai yawa, fadama ta cika, hanyar gari tana iya yankewa. Ran nan, wanda bai lissafa guzurinsa daidai ba zai yi noma da yunwa.

Can nesa, a nahiyar Turai, akwai masu biyan kuɗi don su yi irin wannan zama. Su ba noma ke kai su ba, hutu ne.

Arewa da Ingila akwai ƙasar Sikotlan, wadda ake ce wa Ekos da Faransanci. Tana da tsibirai fiye da 700. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ɗaya daga cikinsu sunansa Eigg, ana faɗinsa "Eg". Tsawonsa kilomita 9 ne, faɗinsa 5. Mutanensa wajen 100 ne. A shekarar 1997 suka haɗa kuɗi, da taimakon jama'a, suka sayi tsibirin.

Masu hutu sukan yi hayar ƙaramin gida a can, na mako ɗaya ko biyu. A ciki akwai gado, murhu da tukwane, amma babu mai dafa abinci. Baƙo shi ke yin cefane, shi ke girki.

Da jirgin ruwa ake zuwa, daga wani gari mai suna Mallaig. Jirgin yana da ranakun zuwansa. In iska ta yi ƙarfi, teku ta harzuƙa, sai ya fasa tashi. To, baƙo ya makale, kamar manomin da fadama ta tare. Akwai kanti a tsibirin, amma shi ma jirgin ke kawo masa kaya.

Wutar lantarki ma da awo ake sha. Tun shekarar 2008 mutanen Eigg ke samun wutarsu daga iska, da rana, da ruwa mai gudu. Kowane gida kilowat 5 ne rabonsa. Wanda ya kunna kaya da yawa lokaci guda, wutar gidan sai ta ɗauke.

Yara, ko a gona ko a tsibiri, shiri tun daga gida ake yinsa. Ka ƙidaya mutane, ka ƙidaya kwanaki, ka ƙara na kwana biyu saboda tsaro. Ran tashi kuma, ka kashe wuta sarai, ka share wuri domin mai zuwa bayanka.

Tambayoyi
1. Me ke kai manomi bukkar gona? Me ke kai baƙo Eigg?
2. Mene ne tsibiri?
3. Me ke hana jirgi zuwa?
4. Ina kamar da ke tsakanin zaman biyu?

Aiki
1. Wani iyali yana cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. Za su yi kwana 12 a gona. Tiya nawa za su ɗauka, in sun ƙara na kwana 2?
2. Rubuta sunayen kayan guzuri 5 da Hausa da Faransanci.