Gansakukar da Ke Gina Dutse: Yadda Ake Kankare Ta Daga Akwatin Kifi

Ɗalibin da ya tashi a Gwarzo ko Kabo ya san gansakuka sarai, wato koren abin nan mai santsi da kan fito a bakin kududdufi ko a gindin randa, wanda soso da ruwa sun isa su fitar da shi. Amma akwai 'yar'uwarta a teku wadda soso ba ya yi mata komai. Ana kiranta gansakukar murjani. Launinta ja-ja ne ko shunayya, taurinta kuwa sai ka ce siminti. Saboda wannan tauri masana suka daɗe suna lissafa ta cikin dabbobi irin su murjani, sai a 1837 wani Bajamushe mai suna Rodolfo Philippi ya nuna cewa ba dabba ba ce.

Asirin taurinta shi ne, tana zuƙar sinadarin kalsiyam daga ruwan teku, ta jera shi a bangon ƙwayoyin jikinta a matsayin kalsiyam kabonet, wanda ake rubutawa CaCO3. Wannan sinadari ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne a ɓawon ƙwai da katantanwa, shi ne kuma a dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, dutsen da ya taru a lokacin da teku ta rufe wannan yanki kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce.

Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi suna son wannan gansakuka a kan duwatsun ciki, amma idan ta lulluɓe gilashin sai ta tare gani. In an kwashe kifin aka zubar da ruwan, takan mutu ta yi fari, ɓawonta kuwa yana nan manne. Wanda ya far mata da wuƙa ko yashi, gilashinsa zai karce, ko ya yanke danƙon da ya haɗa kusurwoyin, akwati ya kama yoyo. Dabara ta fi ƙarfi: asid mai sauƙi shi ne maganinta.

Ga yadda ake yi. A sami ruwan khal, wanda kashi 5 cikin 100 nasa asid ne, a gauraya shi da ruwa daidai wa daida. A jiƙa tsumma a ciki, a manna a kan ɓawon, a bar shi sa'o'i kaɗan. In ya yi kauri a bar shi ya kwana. Asid ɗin zai narkar da kalsiyam kabonet, ya mai da shi wani gishiri mai narkewa, da ruwa, da iskar kabon-dayoksaid wadda za a ga tana tasowa kamar kumfa. Sannan a kankare da faifan roba. Reza tana yi a kan gilashi, amma ban da akwatin roba. A ƙarshe a ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya.

Hattara da abu biyu. Kada a sa sabulu, domin ragowarsa na iya halaka kifi. Kada kuma a kuskura a haɗa khal da bilic, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba.

Malami na iya nuna wannan a aji ba tare da teku ba. A saka ɓawon ƙwai a kofi, a matsa lemon tsami a kai, ɗalibai su lura da kumfar. A gwada allin rubutu: in bai yi kumfa ba, to da kalsiyam salfet aka yi shi.

Darasin bai tsaya a akwati ba. Teku tana shanye wani kaso na kabon-dayoksaid da injuna ke fitarwa, har ma'aunin pH nata ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. Raguwar lambar na nufin ƙaruwar tsami, kuma gansakukar murjani, wadda ke liƙe tsibiran murjani su tsaya da ƙarfi, tana cikin halittun da suka fi jin jiki.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa lemon tsami ke fitar da farin ɓawon da kan taru a cikin butar shayi?