Yadda Ake Mayar da Sifinaka Jaka Ana Tsaka da Tsere

A tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin na Makon Cowes da ake yi a mashigin Solent na kudancin Ingila tun 1826, jirgi kan zagaya alamomi da yawa kafin ya kai ƙarshe. Duk sanda iska ta koma bayan jirgi sai a ɗaga sifinaka, wato ƙaton ƙyallen nailan mara nauyi da ke kumbura a goshin jirgi. Da an iso alama za a fuskanci iska, sai a sauke shi a jefa cikin ɗakin ƙasa, a jiƙe, a cukurkuɗe. Wani kuma dole ya bi shi ya shirya shi kafin alama ta gaba. Idan kai aka tura, ga yadda za ka yi.

Fara sanin abin da ke hannunka. Kusurwa uku gare shi: kai, wanda igiyar ɗagawa ke ja sama, da kusurwoyi biyu na ƙasa. Gefunansa an kalmashe su da launi. Galibi ja ne gefen hagu, kore gefen dama, na ƙasa kuma fari. Waɗannan kalmasoshi su ne dukan aikinka.

Kafin ka sauka, tabbata an kwance igiyar ɗagawa da igiyoyin gefe daga ƙyallen, an kuma maƙale su inda ba za su tsere ba. Tambayi matuƙi ta wane gefe za a ɗaga nan gaba, da minti nawa ya rage. A ƙasa, zauna a gefen da ya ɗago, domin jirgin yanzu a karkace yake, kuma nauyinka na cikin lissafi. Tokare ƙafa da wani abu mai ƙarfi. Janye ƙyallen daga murhu, ƙugiya da duk wani ƙarfe mai kaifi, don nailan ɗin ko tsinin fil na iya keta shi.

Sai ka nemo kai. Yawanci an rubuta sunansa a jiki, kuma shi ne inda ja da kore suka haɗu. Ɗaure shi a mariƙin rufi, ko ka zauna a kansa. Daga nan kama jar kalmasa ka bi ta da hannu, kamu bayan kamu, kana tattara ta a tafinka, har ka iso kusurwar ƙasa. Kada ka sake ta ko sau ɗaya. In ta shige ƙarƙashin tulin ƙyalle, ɗaga tulin ka zaro ta, kada ka tsallake ka kamo ta can gaba kana zaton ita ce. A wannan tsallaken ne murɗiya ke ɓuya. Da ka iso kusurwa, danne ta da abin da ka tattara ƙarƙashin cinya, ka koma kai, ka bi koriyar kalmasa haka nan. Idan ku biyu ne, kowa ya ɗauki gefe guda, aikin ya ragu da rabi. Gefe biyu in sun fita sumul daga kai zuwa ƙasa, na ukun ma lafiya yake.

Na daɗe a kan wannan ne domin sakamakon sakaci a nan ba ƙarami ba ne. Sifinakan da aka cusa da murɗiya yakan tashi ya kumbura sama da ƙasa, tsakiyarsa a shaƙe kamar kalangu. Iska ta riga ta cika shi, ba ya warwaruwa da sauƙi, wani lokaci ma ya naɗe wayar da ke riƙe da sandar jirgi ta gaba. Kafin a kwance shi, jiragen da kuka wuce da gumin goshi sun wuce ku. A ganina gara a makara da daƙiƙa talatin da jaka mai kyau, da a fito da wuri da wadda ba a bi gefunanta ba.

Kana bin kalmasa, idonka na kan yadin. In ka ga ƙaramar yaga, goge wurin ya bushe, yanko tef na gyaran sifinaka, zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada ya ɓanɓare, manna ciki da waje. In yagar ta kai kalmasa, faɗa wa matuƙi nan take, a ɗauko wani.

Cusawa ba ta da wuya. Buɗe jakar tsakanin ƙafafunka, fara da tsakiyar gefen ƙasa, sannan tumbin, dunƙule bayan dunƙule. Ba a ninke shi kamar zane, cusa shi ake yi. Gefunan da ka tattara su ne na ƙarshen shiga. Kusurwoyi uku su tsaya a bakin jaka: ja a hagu, kore a dama, kai a tsakiya kuma a sama. Ɗaure kowace da maɗaurinta na Velcro, ko ka zura igiyar jakar ta cikin zobbansu uku, don kada wata ta nutse ciki. Jirgi mai sifinaka fiye da ɗaya, mai kauri na iska mai ƙarfi da mara kauri na sanyin iska, kowanne da jakarsa mai suna. Duba sunan kafin ka rufe.

A manyan jirage, musamman a doguwar tafiya irin ta Fastnet ko Sidni zuwa Hobart, akan ɗaure ƙyallen gaɓa-gaɓa ya zama kamar doguwar igiya, don kada ya cika kafin ya kai sama. Da can zaren ulu ko roba ake sawa, iska ta tsinka su su faɗa teku. Dokokin tsere na World Sailing sun hana jefa shara a ruwa da gangan, shi ya sa masu ɗinka ƙyalle da yawa suka koma ga zif da Velcro da ke manne a jikinsa. Ƙananan jirage kuwa, irin J/24, sau da yawa ba a ma sa shi a jaka ta musamman: a bi gefuna, a bar shi a bakin ƙofar ɗaki, daga nan a ɗaga.

Ɗakin ƙasa da zafi, ga tangaɗi, kanka a sunkuye, jiri na iya kama ko gwani. In ka ji tashin zuciya, danne kalmasar da ƙafa, leƙa waje ka shaƙi iska, ka dawo inda ka tsaya.

Da ka gama, miƙa jakar ga mai aikin goshi, ka gaya masa da baki wane sifinaka ne, da inda ja yake. Shi kuma ya fara maƙale jakar kanta a wayar gefen jirgi kafin ya sa wa kusurwoyi igiya, domin jakar da ba a ɗaure ba takan bi ƙyallen ta faɗa ruwa. Kai kuma koma gefen da ya ɗago, ka zauna cikin 'yan'uwanka, ƙafafu a waje.