Saurin Fitowa da Sauƙin Girkawa a Manhajojin Linux

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa. Daga cikinsu akwai waɗanda asalin rubutunsu a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba. Wadda ta fi shahara ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta ƙwayarta a 1991. To amma ƙwaya kaɗai ba ta isa aiki ba, sai an haɗa ta da ɗaruruwan manhajoji. Kowane irin haɗin nan shi za a kira zubi a wannan nazari, kowace sabuwar fitowarsa kuma bugu, kamar dai na littafi.

Sau da yawa akan ɗauka saurin fitowar bugu daban, sauƙin girka shi a kan na'ura daban. Tarihin Debian ya nuna ba haka abin yake ba. Ian Murdock ne ya kafa wannan zubi a 1993, 'yan sa-kai ne kuma ke riƙe da shi, kuma al'adarsu ita ce ba su fitar da bugu sai sun gamsu ya nuna. Bugu na 3.0 ya fito a Yulin 2002, na 3.1 kuwa sai Yunin 2005, wato kusan shekara uku. Wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a tsakanin nan yakan tarar tsohuwar ƙwaya ba ta san wasu sassanta ba. Ashe jinkirin fitowa kansa yana haifar da wuyar girkawa.

Wannan giɓi ne Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya hango. A Oktoban 2004 ya fitar da Ubuntu, wanda aka gina a kan Debian, faifai ɗaya tak, da alkawarin sabon bugu kowane wata shida. Lambar bugu ma shekara ce da wata, alal misali 4.10. Daga bugu na 6.06, wanda aka jinkirta da wata biyu, mutum na iya gwada manhajar daga faifai, idan ta yi masa ya girka ta daga nan ta amsa 'yan tambayoyi. Har zuwa 2011 kuma ana aika faifan kyauta ta gidan waya, abin da ba ƙaramin taimako ba ne a ƙasashen da intanet ke da tsada.

Sai dai sauri ya haifi nawa. Tun 2013 wata tara kacal ake kula da bugu na yau da kullum, daga nan babu sauran gyaran tsaro. Makaranta mai kwamfuta hamsin ba za ta iya wannan tsere ba. Irinta kan koma ga bugu mai dogon zango, wanda ke fita kowace shekara biyu, ana kuma kula da shi shekara biyar. Wato mai gaggawar ma ya yarda jinkiri na da rana.

Arch, wanda Judd Vinet ya fara a 2002, ba ya ma jiran bugu, kullum sabbin gyare-gyare ke kwarara. Amma shekara da shekaru da hannu ake girka shi, umarni bayan umarni, sai a 2021 aka saka mataimakin girkawa a faifansa.

Ita kuwa ragowar wuyar Debian ta aƙida ce. Wasu sassan na'ura, musamman na kama intanet ba waya, ba su tashi sai da 'yan ƙananan manhajoji na kamfanoni waɗanda rubutunsu a rufe yake, su kuwa mutanen Debian sun ƙi saka su a faifansu na hukuma. Mai girkawa sai ya tsinci kansa yana neman intanet domin ya sauko da abin da zai ba shi intanet. A 2022 suka kaɗa ƙuri'a suka sassauta, bugu na 12 kuma ya fito da su a Yunin 2023.