Nasiha Ga Mai Rubutun Allo Da Zai Koma Zaure

Ɗana, mahaifinka ya sanar da ni cewa za ka saki shagonka na bakin titin Katsina, can wajen Dawanau, ka kwaso buroshi da gwangwanayen fenti ka dawo gida Dawakin Tofa, ka ci gaba da aiki a zaure. Ya ce tun da ka yanke wannan shawara kake ɗari-ɗari da mutane, kamar wanda ya yi abin kunya. Shi ya sa na ga ya dace in gaya maka wasu 'yan kalmomi kafin hayar ta ƙare.

Fara da cire kunyar nan daga ranka. Kowa ya san abin da ya sami masu ƙananan sana'o'i tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Darajar naira ta faɗi, fenti da tina da ledar bana suka bi dala sama. Ga janareta mai shan mai, ga kuɗin mota kullum zuwa da dawowa, ga haya. Ga kuma injinan buga bana na cikin birni, waɗanda ke fitar da aikin kwana biyu cikin awa guda. Wanda ya zauna ya yi lissafi, ya ga shago na cin uwar kuɗi, ya janye tun bai ci bashi ba, hankali ya yi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kuma zauren da za ka koma ba baƙon wuri ba ne ga sana'a. A zaure iyayenmu suka yi ɗinkin hula da aikin babbar riga da dukanci. A zaure malamai ke zana allon zayyana na masu saukar Alƙur'ani, wanda shi ne kakan wannan rubutu da adon da kake yi. Ba su da kanti a bakin titi, amma daga nesa ake nemo su, domin aikinsu ne ke kiran mutane.

Sai dai kada in ruɗe ka. Akwai abubuwan da shago ke yi maka ba tare da ka lura ba, kuma ranar da ka miƙa mukulli za su tsaya. Dole kai ka ɗauki nauyinsu.

Na farko, shago na nuna ka ga masu wucewa. Dawanau na cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Masu riɗi da zoɓo da wake da waken suya suna ta buɗe sito, kowane sito kuwa yana son suna a ƙofarsa. Waɗannan mutane ba za su biyo ka lungu ba, kai za ka bi su. Ka ware rana ɗaya ko biyu a mako ka zagaya kasuwa, musamman da kaka, lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Duk allon da ka rubuta, ka sa sunanka da lambar wayarka a ƙasan kusurwa da ƙananan baƙaƙe masu tsabta. Ka ɗauki hoton kowane aiki ka ajiye a waya, ka riƙa sa shi a WhatsApp. Ka riƙe zumunci da mai waldan da ke haɗa maka firam da kafintan da ke yanka maka katako, domin sau da yawa wurinsu ake fara tambayar mai rubutu. Kafin ka tashi, ka nemi izinin maƙwabcinka na shago ka rataya ɗan allo mai nuna inda ka koma. Kada kuma ka raina aikin da ke kusa da gida: makarantun Islamiyya, kemis, masu cajin waya, masu POS, daga Kwa har Tumfafi. Wanda ke son rubutu a jikin bango ko a bayan babbar mota, inji ba zai yi masa ba, sai hannu.

Na biyu, shago na raba aljihun sana'a da na cefane. Wannan ne ya fi damuna. A gida, kuɗin da aka ba ka na fenti yana iya tafiya a kuɗin niƙa da omo da maganin yaro kafin azahar, ba tare da kowa ya yi niyyar ɓarna ba. Ka sayi littafi, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kuɗin hayar da ka huta da biya, kada ka ɗauke shi riba. Ka riƙa ware shi kamar har yanzu akwai mai shago da ke jira, ka zuba a adashi ko a asusu. Kada ka taɓa buroshi sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki, ko da ɗan'uwa ne, balle 'yan siyasa in kakar zaɓe ta zo. A gida za ka sha jin "ai namu ne, yi mana kawai." Ka yi sauƙi inda za ka iya, amma in bashi ne a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne.

Na uku, shago na raba aiki da iyali. Zaure hanyar shiga gida ce, mata da yara ta nan suke wucewa. Kada ka bari ya zama majalisar samari, har iyalinka su riƙa jin nauyin fita. Ka ajiye benci a waje don baƙi. Ka zauna da maiɗakinka ka yi mata bayani, domin ita ma rayuwarta za ta sauya. Tina da fetur da kananzir kuwa, a sa su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, nesa da murhu. Kada ka kuskura ka zuba tina a gorar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya tambaya kafin ya kai baki. In za ka yi feshi, ka fita fili inda iska ke kaɗawa, ka rufe hancinka. Ka kafa 'yar rumfa ta shanya, domin da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti ta dusashe shi, da damina yayyafi kaɗan ya isa ya ɓata aikin yini, awaki da kaji kuma ba su san allon mutane ba.

Sannan ka riƙe lokaci. Ka yi wanka ka sa kayan aiki da safe kamar mai fita kasuwa. Wanda aka yi wa alƙawarin Laraba ya karɓi kayansa Laraba. Mutane za su yafe maka rashin kanti, amma ba za su yafe maka saɓa alƙawari ba.

Ka kuma fita daga shagon da mutunci. Ka sanar da mai shi da wuri, ka biya abin da ake binka, ka share ɗakin ka miƙa mukulli hannu da hannu. Yaran da ke koyon aiki wurinka, wanda za ka iya riƙewa ka riƙe, wanda ba za ka iya ba ka kai shi da kanka wurin wani mai sana'ar, kada ka bar shi a titi. Kayan da ba ka buƙata ka sayar ka ƙara jari.

Wataƙila nan gaba ka sake kama shago, wataƙila kuma ka ga zauren ya fi maka albarka. Ko wanne ne, ka bari littafin lissafinka ya yanke hukunci, ba maganar mutane ba. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya rufa maka asiri, Ya ba ka masu biya a kan lokaci.