DARASIN LAFIYA: TARIN FUKA MAI ƘIN JIN MAGANI

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san ƙiri-ƙiri. In mun sare ganyenta muka bar saiwa, da ruwa ya sauka sai ta dawo. Haka tarin fuka yake.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda Robert Koch na Jamus ya gano a 1882. Huhu ta fi kamawa, amma takan kumbura kaluluwar wuya, ta ci ƙashin baya har mutum ya yi doro, ko ta shiga ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Maganin tarin huhu wata 6 ne: iri 4 a wata 2 na fari, iri 2 a sauran wata 4. Na ƙashi da na ƙwaƙwalwa yakan kai shekara. Bayan 'yan makonni tari yakan lafa. A nan hatsarin yake, gama raunanan ƙwayoyi ne suka mutu, masu taurin kai suna nan. In mutum ya daina sha, ko yana tsallake kwanaki, waɗannan za su hayayyafa, har manyan magunguna biyu, isoniyazid da rifamfisin, su kasa kashe su. Wanda ya ɗauka daga wurinsa, ko yaro ne, mai taurin kan zai ɗauka.

Duk da haka akwai warkewa. Na'urar GeneXpert tana gwada kaki, cikin awa 2 ta nuna ko rifamfisin zai yi aiki. A dā jiyyar irin wannan takan kai wata 18 ko fiye, da allurai masu kurmantarwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin haɗiya na wata 6 domin yawancin masu ita.

Me ke sa mutanenmu su daina? Aikin damina, kuɗin mota, da kunya. Ga aikin ƙungiya:

1. Wanda tarinsa ya kai mako 2, mu raka shi asibiti. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya.
2. Mu zaɓi ɗan'uwa ɗaya ya ga ya haɗiye maganinsa kullum.
3. Mu yi gayya a gonarsa, mu fid da kuɗin mota daga asusu.
4. A gwada mutanen gidansa, a riƙa buɗe tagogi.
5. Likita kaɗai zai ce an gama.

Domin tattaunawa: wa ke jiyya a ikilisiyarmu yanzu, wa kuma zai nome masa gona bana? Ubangiji ya taimake mu.